Kafin ka ɗora tabarau mai kyamara a fuska ko agogon zamani a hannu

Duk wanda ya ce mini zai sayi agogon zamani, ko zobe mai auna barci, ko tabarau mai kyamara, tambaya ɗaya nake fara yi masa: wane aiki ne wayarka ta kasa yi maka? In ya yi shiru yana lalube, nakan ce ya dakata tukuna. Kusan duk waɗannan na'urori da ake sawa a jiki jingine suke da waya, kuma abu biyu kawai suka fi ta da shi. Suna sakar maka hannuwa, sannan suna manne da jikinka dare da rana, suna auna abin da waya ba za ta iya aunawa daga aljihu ba. Ina sa agogon, ina amfani da tabarau ɗin, kuma ina jin daɗinsu. Amma na lura cewa amfaninsu yakan tsaya ga wanda ya sa su, nauyinsu kuwa yakan faɗa kan mutanen da ke kusa da shi, ko kan bayanan jikinsa da ke tafiya rumbun wani kamfani. Saboda haka zaɓe da saiti sun fi saye muhimmanci.

Ka fara sanin wane irin tabarau ake tallata maka, domin suna ɗaya ake kiran abubuwa uku da shi. Akwai mai kyamara da makirufo da lasifika amma babu abin da yake nuna maka a gilashi, irin Ray-Ban Meta da ya fito a 2023. Akwai mai ɗan ƙaramin allo a gefen ido ɗaya, wanda Google Glass ya fara yayatawa a 2013, kuma Meta ta fito da nata a 2025. Sai na uku, irin na Xreal, wanda ake jonawa da waya ko kwamfuta da igiya, ya buɗe maka babban allo a gaban ido don kallo ko aiki kana zaune. Mutane da yawa sukan sayi na farko suna zaton za su riƙa ganin rubutu da taswira a gilashi, sai su tarar kunne kawai yake yi wa magana.

Gani ya kori ji, don haka ka sa shi a fuskarka kafin ka biya, kuma ka bar shi ya ɗan jima. Nauyin Ray-Ban Meta ya kusa giram 50, abin da bai kai a yi maganarsa ba in yana tafin hannu. A fuska kuwa labari daban ne. Baturi da lasifika duk a cikin hannayen tabarau suke, sai hannayen su yi kauri, su riƙa danna bayan kunne. Ka sunkuyar da kai kamar mai ɗaure takalmi ka ga ko zai zame. Ka yi magana, ka yi dariya, ka ji ko yana taɓa kumatu. Bayan kamar rabin awa ka cire ka duba karan hancinka a madubi; in ya bar jan shaida mai zurfi, ba girmanka ba ne.

Mai sa gilashin magani yana da ƙarin lissafi. Ka je wurin likitan ido da lambar gilashinka ka tambaya ko firam ɗin zai ɗauke ta, don akwai iyakar ƙarfin gilashin da ake iya sawa a ciki. Kuma kada ka rabu da tsohon tabarau ɗinka. Wannan na'ura a cikin akwatinta take yin caji, kamfanin Meta ya ce ƙirar Ray-Ban Meta ta 2023 tana kai wajen awa 4 in ana amfani da ita tsaka-tsaki, bidiyo da kiran waya kuwa suna shanye cajin da sauri fiye da haka. Duk lokacin da ta koma akwati, idanunka sun koma da ita. Baturin a like yake a ciki, ba a canza shi cikin sauƙi, don haka ranar da ya gaji ka shirya sayen sabon firam da sabon gilashi.

Inda tabarau ɗin ya fi burge ni shi ne wurin aikin hannu. Ka ɗauki mai gyaran injin da hannayensa biyu ke cikin baƙin mai. Yana iya kiran wanda ya fi shi sani ta bidiyo, wancan ya ga daidai abin da idon mai gyaran ke gani, ya ce masa ba wannan ƙusar ba, ta hagunta. Uwa mai riƙe da jariri tana iya amsa kira ba tare da ta sauke shi ba. Lasifikar ba ta toshe kunne, kana jin saƙo kuma kana jin ƙarar motar da ke tahowa bayanka. Ga makafi da masu raunin gani abin ya wuce jin daɗi. Manhajar Be My Eyes, wadda ke haɗa makaho da ɗan sa-kai mai gani ta kiran bidiyo, ta shiga cikin tabarau na Meta a 2024, sai ya zama mutum yana riƙe da sandarsa a hannu ɗaya, ɗayan hannun a sake, wani yana karanta masa lambar ƙofa. Ƙirƙirarriyar basirar da ke ciki ma tana karanta rubutu tana kwatanta abin da ke gaba. Sai dai tana kuskure, kuma da muryar tabbaci take yin sa. Kwalin magani, ranar lalacewar kaya, ko tsallaka titi, waɗannan a nemi mutum mai ido ya tabbatar. Kafin ka saya kuma ka duba jerin harsuna da ƙasashen da kowane aiki yake samuwa, domin abin da aka nuna a talla ba ko'ina ake samun sa ba.

Kyamarar da ke kallon mutane

A nan nake son mu zauna sosai. Idan mutum ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, kowa ya gani, mai son kaucewa ya kauce. Kyamarar da ke gefen gilashi ba ta ba kowa wannan damar. Yana daga cikin abin da ya karya Google Glass: mashaya da gidajen sinima a Amurka suka riƙa hana shiga da shi, mutane suka riƙa ƙyamar masu sa shi, har Google ta daina sayar wa jama'a a farkon 2015. Na yanzu sun fi wuyar ganewa, don kamanninsu ɗaya da tabarau na yau da kullum. Lokacin da Ray-Ban Stories, wanda ya gabaci Ray-Ban Meta, ya fito a 2021, hukumomin kare bayanan jama'a na Ayalan da Italiya sun nuna damuwa cewa 'yar fitilar da ke nuna ana ɗauka ta yi ƙanƙanta. An ƙara mata girma a ƙirar 2023, aka kuma sa kyamarar ta ƙi fara ɗauka in an rufe fitilar. Duk da haka a cikin hasken rana, ko daga nesa, mutum nawa ne zai lura da ita, kuma nawa ne suka san ma'anarta?

A 2024 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Harvard suka nuna inda abin zai iya kaiwa. Suka haɗa bidiyon tabarau ɗin da wani shafin gane fuska, sai ga sunan baƙon da suka wuce a hanya, wani lokaci har da adireshinsa, yana fitowa a wayarsu. Ba su saki manhajar ba, gargaɗi suka yi niyya. Amma kayan da suka yi amfani da su a kasuwa suke.

Ga yadda nake yi, kuma ina roƙonka ka yi haka. In na shiga wurin mutane da za mu zauna tare, nakan faɗa musu da bakina cewa wannan tabarau yana da kyamara, na nuna musu fitilar, na ce in ba ta kama ba ba na ɗauka. Maganar ba ta cin minti ɗaya, kuma sai ka ga kafaɗun mutane sun sauka. Akwai wuraren da bayani bai isa ba, cirewa ake yi: banɗaki, ɗakin canza kaya, asibiti, makarantar yara, ɗakin jarrabawa, da gidan da ka je baƙunta. A cikin hannun hagu na Ray-Ban Meta, kusa da inda yake haɗuwa da firam, akwai ɗan makunni da ke kashe na'urar gaba ɗaya. Ka saba da shi har yatsanka ya riƙa samun sa ba tare da ka cire ba. Amma ka tuna wanda ke gabanka ba ya ganin makunnin, gilashi da idon kyamara yake gani, don haka in ka ga ya takura, mayar da shi akwati ya fi dogon bayani. 'Ya'yan wasu kuwa ba a ɗaukar su sai iyayensu sun yarda, kuma duk mai tallata maka abin rufe fitila, ka san me yake gayyatarka ka zama.

Akwai kuma abin da kai kanka za ka ɗauka ba da niyya ba. Kyamarar tana bin kanka duk inda ya juya. Kana ɗaukar bidiyo sai ka duba wayarka, saƙon da ke kan allo ya shiga. Ka danna lambar sirrin katin banki, ta shiga. Takardun ofis da ke kan teburi, fuskar wanda ya wuce, hirar da ake yi a gefe, duk sun shiga, don makirufon Ray-Ban Meta biyar ne. Ka kalli kowane bidiyo daga farko har ƙarshe kafin ka tura wa kowa. Dokokin naɗar murya ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, akwai inda sai kowa ya yarda, saboda haka ka san ta inda kake.

Ranar da ka kunna shi, kafin hoto na farko, ka buɗe manhajarsa ka shiga sashen sirri. Ka yanke shawara kan kalmar kira, wato abin da kake furtawa ya farka. In ba ka buƙatar ta, kashe ta, ka riƙa amfani da maɓalli. A 2025 Meta ta sauya ƙa'idarta ta cire zaɓin hana ajiye muryar da ka yi wa mataimakin magana, sai dai ka riƙa shiga kana gogewa da kanka. Ka kuma sani cewa duk hoton da ka ce wa basirar ta duba maka, ya bar fuskarka ya tafi kwamfutocin kamfani. Ni ba na nuna mata takardar asibiti ko ta banki, tawa ko ta wani.

Agogo da zobe: abin da za ka yarda da shi

Ka juya agogon ka duba bayansa, za ka ga koriyar fitila tana ƙyaftawa. Haske take harbawa cikin fata, jini yana shanye wani ɓangare, ragowar ya dawo, daga hawa da saukar hasken ake ƙirga bugun zuciya. In ka gane wannan, ka gane yadda ake sa shi. Ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya, ka ɗaure yadda ba zai yi lilo ba kuma bai matse ba. Sanyi yana rage jinin da ke kusa da fata, zanen tawada a fata yana tare haske, girgizar hannu tana rikita lissafi. Idan ka ga lamba ta ban mamaki, ka zauna, ka gyara ɗaurin, ka sa yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ka ƙirga da kanka na minti ɗaya.

Awon bugun zuciya abin dogaro ne gwargwado. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu 7 a 2017, suka samu 6 daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A lissafin kalori kuwa, wadda ta fi daidai ta kauce da kusan kashi 27, mafi muni da kashi 93. Don haka kada ka auna abin da za ka ci da lambar da agogo ya ce ka ƙona. Awon iskar oksijin ma da haske ake yin sa, ja da wanda ido ba ya gani, kuma launin fata yana shafar sa. Binciken jami'ar Michigan na 2020 ya gano cewa na'urar yatsa ta asibiti ta fi ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙaƙen fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Ta asibiti ke nan, balle ta wuyan hannu. Mai jin numfashinsa yana sarƙewa ya nemi likita ko da agogo ya nuna oksijin kashi 98.

Faɗakarwa kan rikicewar bugun zuciya tana daga cikin abin da ya sa nake girmama waɗannan na'urori, domin wannan ciwo yana iya zama shiru har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. A babban binciken da Apple da Stanford suka wallafa a 2019, mutum sama da 400,000 suka shiga, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 suka samu faɗakarwa, kuma cikin waɗanda aka bi da na'urar asibiti daga baya, an tabbatar da ciwon ga kusan kashi 34. Darasin da na ɗauka shi ne: faɗakarwa dalilin zuwa asibiti ce, ka adana sakamakon ka nuna wa likita. Rashin faɗakarwa kuma ba shaidar lafiya ba ce. Agogon ba ya gane ciwon zuciya mai kisa irin na toshewar jijiya. Ciwon ƙirji, zufa mai sanyi, ko nauyi a hannu ba sa jiran abin da allo zai ce.

Abu ɗaya zan faɗa da babbar murya saboda masu ciwon suga. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Irin waɗannan sun cika intanet da araha. Wanda ya daidaita allurar insulin da lambar ƙarya yana wasa da ransa. Abin da agogo na kirki ke yi shi ne nuna sakamakon wata na'ura ta daban da aka manna a fata mai ɗan siririn tsinke. Hawan jini ma da sharaɗi: agogon Samsung mai auna shi sai an daidaita shi da na'urar damtse duk bayan mako 4.

Kada adadin taku 10,000 ya ɗaga maka hankali. Daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta Japan ya samo asali a 1965. Wani bincike na 2019 kan mata tsofaffi a Amurka ya nuna amfanin ya fara bayyana tun daga wajen taku 4,400 a rana, ya daina ƙaruwa a wajen 7,500. Ka bar agogon ya ƙirga maka mako guda ba tare da ka canza komai ba, sannan ka ɗora kaɗan a kan abin da ka samu. Makin barci kuwa ƙiyasi ne daga motsi da bugun zuciya. Ka dubi yadda yake tafiya cikin makonni, ka bar damuwa da na dare ɗaya. In ka fara farkawa garau amma maki ya sa ka ji ka gaji, ka riƙa cire shi da dare.

Sanarwa ita ce ke mayar da agogo azaba. Ranar farko ka kashe duka, sannan ka dawo da kira da saƙon mutanen da ba ka son su jira. Duba wuyan hannu ana tsakiyar magana da kai yana ɓata wa mutum rai kamar ka ce masa ya yi sauri ya gama. A tuƙi ma haka, ƙaramin rubutu a hannu ko a gilashi yana ɗauke ido daga hanya.

Fatar da ke ƙarƙashin maɗauri tana son iska. Ka wanke maɗaurin bayan zufa, ka tsane shi, ka riƙa sauya hannu. An janye na'urar wuyan hannu ta Fitbit Force daga kasuwa a 2014 saboda ƙurajen da ya jawo wa wasu, aka janye Fitbit Ionic a 2022 saboda baturinsa yana zafi har ya ƙona fata, don haka na'urar da ta yi zafi ko ta kumbura a cire ta nan take. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya nisanta agogo da cajarsa daga wurin da aƙalla santimita 15 saboda maganaɗisu. Alamar ruwa ma a karanta ta: IPX4, irin ta tabarau ɗin Meta, yayyafi da zufa kawai take ɗauka, 5 ATM ce ake iyo da ita.

In don tsoho ko tsohuwa za ka saya saboda gane faɗuwa, ku zauna tare ku saita. Ka sa lambobin waɗanda za a kira, ka nuna musu yadda ake soke kiran in kuskure ne, ka tabbatar sun san agogon yana buƙatar waya a kusa ko layinsa na kansa. In za ka riƙa ganin inda suke, su sani kuma su yarda. Maganar wuri ba ƙarama ba ce: a 2018 taswirar motsa jiki da Strava, manhajar masu gudu da tuƙa keke, ta wallafa ta tona fasalin sansanonin soja, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. Kai ma hanyar gudunka tana farawa ne daga ƙofar gidanka a lokaci ɗaya kullum. Ka mayar da asusunka na sirri, ka kunna saitin ɓoye mafari da ƙarshen hanya.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi abin da zai ci gaba da aiki in babu intanet ko in kamfanin ya rufe. Masu AI Pin na kamfanin Humane, wani ɗan mataimakin magana da ake maƙalawa a riga, sun saya a 2024, zuwa ƙarshen Fabrairun 2025 aka kashe kwamfutocin da ke ba shi rai, ya daina kusan komai. Ka bincika ko akwai kuɗin wata-wata, don zoben Oura, alal misali, yawancin bayaninsa sai da biyan kuɗin mamba. Ka duba ko manhajar tana barin ka sauke bayananka kuma ka goge su, da ko na'urar tana aiki da irin wayarka, tunda Apple Watch sai da iPhone. Ranar da za ka sayar ko ka bayar kyauta, ka kwashe hotunan, ka raba ta da asusunka daga cikin manhaja, sannan ka mayar da ita saitin masana'anta. In kai ne mai sayen ta hannu, ka sa mai ita ya yi wannan a gabanka, domin agogon da ke ɗaure da asusun wani ba zai buɗe maka ba.